Gwangwanin Malam Sha'aban

Da aka raba gadon Malam Sha'aban, mai sayar da igiya a kasuwar Zango, alƙali ya ba matarsa Hajo rabonta, ƙannensa suka kwashe sauran, har rediyo da butar alwala. Abu ɗaya ne babu wanda ya kalla: gwangwanin madara cike da ragowar magungunan hawan jini da Malam ya yi ta sha har Allah ya karɓi abinsa.

Hajo ta tura shi ƙarƙashin gado. In kewa ta ishe ta sai ta jawo shi ta girgiza, don ƙarar da ta saba ji ke nan kowace safiya yana raye.

Tana fita takaba ƙafa ta ɗauke. Gidan da babu namiji, babu yara, wa zai leƙa? Sai ranar da maƙwabciyarta Shatu ta shigo dafe da kai. Hajo ta ɓallo mata ƙwaya, ta sha, ta zauna, suka yi ta hira har la'asar. Kafin ka ce me, labari ya bazu a unguwa. Mai ciwon baya ta zo, mai ciwon haƙori ta zo, Hajon da ko bihim ba ta sani ba a boko ta zama likita. Tabarmarta ta daina naɗuwa, kullum fura ta mutum biyu take damawa.

Ana nan Zakiyya, 'yar yayanta da ke aikin jinya a Daura, ta zo gaisuwar salla. Ta ga gwangwanin, ta juya fakiti ɗaya, ta dafe ƙirji.

"Gwaggo, wannan ai wa'adinsa ya wuce tun bara! Kuma na hawan jini ne. Wa kike ba?"

Hajo ta tuna Shatu ta faɗi a bakin murhu kwanan baya, aka ce iska ce.

"Ki ba ni in kai asibiti a lalata," in ji Zakiyya.

"Malam ya sha zuwa asibiti, Zakiyya. Ya isa haka. Faɗa mini yadda ake yi."

Washegari ta ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta cuɗe su da toka da jiƙaƙƙiyar ƙasa yadda yaro ko akuya ba za su yi sha'awa ba. Ba ta zuba a bola ba. Ta ƙulle a leda, ta haƙa rami mai zurfi a bayan gida, nesa da rijiya, ta binne. Ta girgiza gwangwanin, shiru. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Da la'asar Shatu ta yi sallama. Hajo ta riga ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura.

"Yaya Hajo, kan nan ne dai."

"Babu, Shatu. Sun lalace, na binne su. Ki je asibiti a duba ki. Zauna mana, ga fura."

Shatu ta dubi ƙwaryar, ta dubi ƙofa.

"To, bari in gwada gidan Rahmatu, an ce ita ma tana ba da magani. Na dawo."

Hajo ta rufe furar da faifai saboda ƙuda. Har aka kira magariba ludayi biyu na nan a gefen ƙwarya.