Carbin Babanmu

A gidanmu ba ma zuwa bakin jinga don mu ga ko kogi ya taso. Carbin Babanmu muke dubawa. In yana rataye a ƙusa ya sha ƙura, to lafiya lau. In muka gan shi a hannu, sai mu fara ɗaure kayan ɗaki.

Gonar shinkafarsa tana fadama, bayan jingar da ke tare ruwan kogin Hadejia, kuma ita ce abincinmu na shekara. Da damina ta yi nisa, ruwa ya fara lasar buhunan yashi, sai Baba ya zama waliyyi. Har ladan yakan riga zuwa masallaci. Ya sa Inna ta toya waina a raba sadaka. Ko akuyar maƙwabta ta shigo ta yi ɓarna, sai ya ce a ƙyale ta, baiwar Allah ce. Da an yi girbi kuwa, carbi ya koma ƙusa, akuya ta koma shan jifa.

Wata shekara jinga ta ɓalle. Ruwa ya cinye gonakin da ke gefenmu, ya zo iyakar tamu ya tsaya. Baba ya yi kuka a sujada har gemunsa ya jiƙe. Amma da rumbu ya cika, sai ga shi a zaure ya miƙe ƙafa yana gaya wa mutane, "Noma ai dabara ce. Ni na san inda ake jera buhu."

Inna tana jin sa daga tsakar gida. Da ya shigo, ta ajiye masa tuwo, ta ɗora carbin a kan faifan.

"Malam, ga abokinka."

"Me ya faru? Ruwan ya dawo ne?"

"Babu abin da ya faru. Wanda ka yi wa kuka da damina dai bai ƙaura ba."

Ya ce ta cika tsokana, ya cinye tuwonsa, ya mayar da carbin ƙusa. Mu kuwa muka yi ta dariya.

Da ranin wannan shekarar, Inna ta rasu, rumbu cike, kogi ya ja baya har ana tsallake shi da ƙafa. Zazzaɓi ne ya ɗauke ta farat ɗaya, bai ba Baba lokacin zama waliyyi ba. Abin ya ci masa rai, kuma har yau in na tuna ina jin tausayinsa.

An daɗe da share makoki, ga rana kamar ta dafa mutum, amma Baba yana nan a sahun farko da carbinsa. Wani maƙwabcinmu da gonarsa ke kusa da tamu ya lura, hankalinsa ya tashi, ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Malam, ko an sako ruwan dam ne ba mu sani ba?"

"Ba a sako ba," in ji Baba, yana neman takalminsa. "Lafiya lau ake. Shi ya sa na zo."