Kwaɗin da Aka Ba Ni Amana

A shekarar da aka fara ɗauke wuta a Alkahira unguwa-unguwa, a tsakiyar zafi, har mutane suka riƙa tambayar juna "taku yaushe take tafiya" kafin su gaisa, a shekarar ne aka ba ni amanar kwaɗi. Ina zaune a Giza da iyalina, a hawa na biyu na wani dogon gida. Da safe ina koyar da 'ya'yan 'yan kasuwarmu Alƙur'ani, da yamma kuma in raka marasa lafiyar da suka zo daga gida zuwa asibiti, in yi musu tafinta. Matata kuwa sana'arta haɗa turaren wuta da humra, tana sayar wa matan ɗalibai da amare.

A hawan ƙarshe akwai wani dattijo Bamisire, tsohon malamin makaranta. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Iskandariya. Ina kiransa Ammu, wato baffa, shi kuma yana ce mini ya Shaikh. Akwai nauyinsa a wuyana. Lokacin da mahaifina ya rasu a gida ban samu tafiya ba, 'yan'uwa na Najeriya da na Nijar suka yi ta zuwa ta'aziyya, falonmu kuwa mutum shida ya cika shi. Dattijon nan ya sauko ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya ce a hau da mutane gidansa. Ya ture kujeru ya yi shimfiɗa, ya yi ta dafa shayi har aka tashi zaman makoki. Da na je godiya ya ce in bari, kada in ɓata masa lada. Tun daga ranar ban iya haɗuwa da shi a matakala ba tare da na ji kamar in karɓi abin da ke hannunsa ba, ko da jarida ce. Na yi ta neman hanyar sakayya, shi kuma ba ya bukatar komai.

Sai ga shi wata ranar Juma'a bayan mun dawo daga masallaci ya ce za a yi masa aikin zuciya a Iskandariya, kusa da 'yarsa, kuma bai san yaushe zai dawo ba. Ya ce yana da wata alfarma. Na amsa tun bai faɗe ta ba.

Ya hau da ni ya nuna mini akwatin gilashi mai tsawon hannu biyu, cike da ganyaye da gansakuka da guntayen itace, ruwa na naso a jikin gilashin. A ciki akwai kwaɗi biyar, kowanne bai wuce gaɓar babban yatsa ba, shuɗi kamar an tsoma su a baba, da ɗigon baƙi a gadon baya. Ya ce asalinsu daga dazuzzukan Kudancin Amurka ne, inda mafarauta ke shafa dafin jikin wasu irinsu a kan kibiya. Na ja baya. Ya yi dariya ya ce waɗannan a hannun mutane aka haife su, dafin kuma daga ƙwarin daji suke samunsa, wanda bai ci ƙwarin ba ba shi da komai. Ya ce ni ne haɗari a gare su, domin da fata suke shan ruwa, da ita suke shaƙar wani abu na iska, duk abin da ke hannuna zai shige su. Kada in taɓa su, ko sabulu yana iya cutar da su. Kada a fesa maganin sauro a ɗakin. Ruwan famfo ba ya yi musu, sai na gora, a fesa musu shi safe da yamma. Abincinsu wasu ƙananan ƙudaje ne marasa tashi, da yake kiwo a kofunan roba a kan ayaba da yis, a barbaɗa musu farar hoda kafin a zuba. Babban abin tsoro kuwa zafi. Ya nuna mini ma'aunin zafi a jikin gilashin, ya sa yatsa a kan wani layi, ya ce idan ya haye nan suna iya mutuwa a wuni ɗaya. Gidansa na ƙarƙashin rufi, idan wuta ta tafi tanda yake zama, shi ya sa yake so su koma namu mai fuskantar arewa.

Ina rubuta abin da yake faɗa da ajami a bayan wata takarda. Ya leƙo, ya ga haruffan da ya san su tun yana yaro amma ya kasa karanta kalma ɗaya, ya ce to Allah ya sa kwaɗin su gane.

Matata ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo muna shigo da akwatin, ni da maigadin gidan. Ta bari sai da ya fita.

"Malam, kwaɗi fa?"

Na ce amana ce.

"A garinmu da tsintsiya ake korarsu. Nan kuma har da ɗaki."

Ɗakin da ya fi sanyi a gidan shi ne ƙaramin da ke jikin kicin, inda take ajiye kwalabenta da itacen sandal da hawi. Nan muka sa su. Ta matsar da kayanta gefe.

Daga ranar zama ya ƙare mini. Na cika firiji da gorunan ruwa don su daskare. Da wuta ta tafi sai in jera su a kan murfin akwatin, in rufa jiƙaƙƙen tawul, in tsaya ina fifita da murfin kwali ina kallon ma'auni. Idan ina tsakiyar biya wa yara karatu na ji fankar ɗakin ta tsaya, sai hankalina ya bar allon, ko da yake unguwar da nake koyarwa daban, lokacin ɗauke wutarta daban. A asibiti likita na magana, mara lafiya na jiran in fassara, ni kuma ina lissafin ko ƙanƙarar da na bari ta narke. Har a sahun salla nakan tsinci kaina ina tunaninsu, in yi istigfari in dawo. Da na shigo gida ba na cire takalmi sai na ƙirga su. Sukan ɓuya ƙarƙashin ganye, in ga huɗu, in durƙusa in yi ta leƙe har na biyar ya fito.

Ban yi zaton zan so su ba, kuma ba zan ce na so su ba. Amma da safe idan na zuba ƙudajen, sukan fito da tsalle gajere-gajere, su tsaya, yatsan ƙafarsu na baya na rawa, su harba harshe. Ɗaya daga ciki yakan kumbura wuya ya yi wani ƙara siriri kamar na tsohon firiji. A makarantar allo mun taso da jin an hana kashe kwaɗo, malaminmu yakan ce kukansa tasbihi ne. Ban taɓa jin abin ya shafe ni ba sai da aka ajiye mini biyar a gida.

Kofunan ƙudajen suna da tsami, irin na gasarar da ta kwana biyu. Matata ta ce gidan mai sayar da ƙamshi ya koma wari, idan mai saye ta shigo me za ta ce. Na ba ta haƙuri. Ƙudajen kuma ko da ba sa tashi suna tafiya, mukan gan su a kan sallaya, a bakin kofin shayi.

Ana cikin haka aka ba ta aikin turaren wata amarya, 'yar wani ɗan kasuwa daga Damagaram, mai yawa. Wanda bai taɓa ganin ana haɗa turaren wuta ba ba zai san hayaƙinsa ba. Ana narka sukari a tukunya, a zuba itacen, a yi ta juyawa ana tsiyaya madarar turare, tururi mai kauri ya tashi ya kama labule da bango har sati. Shekaru muna cikin wannan, mun daina jinsa. Ammu ya yi mini maganar maganin sauro da sabulu, bai yi ta hayaƙi ba, don a gidansa babu mai kunna ko kasko. Ni ma ban kawo ba, ita ma haka.

Na dawo bayan la'asar na tarar wuta ta tafi, gidan ya yi duhu da ƙamshi, matata ta rufe tagogi kamar yadda na roƙe ta saboda zafi. Na shiga ƙaramin ɗakin. Babu kwaɗo ko ɗaya a fili. Huɗu sun cusa kansu ƙarƙashin itace, ƙaramin cikinsu kuwa yana kwance a kan gansakuka, ƙafafu a miƙe, yana buɗe baki yana rufewa. Na buɗe taga, iska mai zafi ta shigo kamar daga bakin murhu, ma'auni ya fara hawa. Na rufe, hayaƙi ya tsaya. Na sake buɗewa. Haka na yi ta yi, ina fesa ruwa, ina sauya ƙanƙara, ita kuma ta sauke tukunyar ta fita da ita matakala, ta dawo tana kaɗa zane a ƙofa. Da safe ƙaramin ya mutu. Na naɗe shi a ganye na tona masa a tukunyar na'ana'a da ke baranda.

Ba na iya rantsuwa cewa hayaƙin ne ya kashe shi, ko zafin da na shigar, ko dama shi ne mai rauni. Amma ba mai sake gwadawa. Aikin amarya kuma ko rabi bai kai ba. Na rasa yadda zan buɗe baki in ce ta dakatar da sana'arta saboda kwaɗi. Ita ce ta riga ni. Ta ce ta yi waya da wata ƙawarta Bahausar Sudan a unguwar Arba wa Nus, tana da fili a saman gida, can za ta riƙa zuwa.

Daga Giza zuwa can sai an keta garin gaba ɗaya, jirgin ƙasa sannan ƙananan motoci, da tukunya da kwalabe a jaka, cikin wannan zafin rana. Takan fita bayan asuba ta dawo gab da magariba, ta yi wanka ta sauya kaya kafin ta wuce ta ƙofar ƙaramin ɗakin, ta zauna ta sa ƙafafunta a ruwa. Ko kasko ba ta ƙara kunnawa a gidan ba. Wata rana ina zuba mata ruwan ta dube ni.

"Ammu ya yi maka shimfiɗa, ni nake naɗewa."

Na ce gaskiya ne.

"To je ka duba surukanka, na ji mai kukan ya yi shiru."

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne waya. An yi wa Ammu aikin lafiya, amma 'yarsa ta roƙe ni kada in gaya masa abin da zai tayar masa da hankali. Shi kuma duk kiran da zai yi, da muryarsa da ta dushe, tambayarsa ta farko yaya yaransa. Ban iya ce masa duk suna lafiya ba. Nakan ce suna cin abinci, ina kula da su iyakar iyawata, in yi sauri in tambaye shi jiki. Idan na ajiye wayar sai in yi ta zagaye falo. Na je har unguwar Ma'adi wani shagon dabbobi in ga ko zan samu irinsa in mayar. Mai shagon ya ce ba ya da su, kuma a hanyar dawowa na gode wa Allah da bai da su, domin da na samu ban san abin da zan yi ba.

Ya dawo bayan zafi ya fara karyewa, ya rame, yana hawa matakala yana hutawa. Ya tsaya a gidanmu tun kafin ya kai nasa. Na sa masa kujera a gaban akwatin, na faɗa masa kafin ya fara ƙirga, na faɗi yadda aka yi tun daga tukunyar har tagar. Ya daɗe yana kallon huɗun. Ya tambaya ina na sa shi, na nuna masa baranda. Ya ce ma'alish, ba komai, shi ma a shekararsa ta farko ya rasa wasu. Sannan ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya ce gidan nan da tun daga ƙofar titi ake jin ƙamshinsa, me ya faru. Na gaya masa inda matata take zuwa aiki, da yadda take zuwa. Ya sa aka kira ta, ya yunƙura zai miƙe mata, ta ce don Allah ya zauna.

Washegari muka mayar da akwatin sama. Da muka ajiye, ya ce in zauna, ya ɗora shayi da kansa. Ya ce ya ga ƙwai a ƙarƙashin wani ganye, idan Allah ya raya su zai ba ni biyu da ƙaramin akwati, tunda yanzu na iya.

Na ce, "A'a, Ammu. Ba na so."

Maganar ta fita kafin in gyara ta. Tun rasuwar mahaifina ban taɓa ce masa a'a a kan komai ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya fara dariya, ya dafe ƙirji saboda ɗinkin.

"Khalas, shi ke nan, ya Shaikh," ya ce. "Yanzu mun zama maƙwabta. Tashi ka ɗauko sukari da kanka, yana saman firiji."

Na tashi na ɗauko, na zuba cokali uku, muka sha.