Ranar da Sani ya zo neman gafara

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Sani, kuma har yau in aka tambaye mu a gida, sai mu ce gajeriyar rashin lafiya ce. Ba ita ba ce. Sani da kansa ya kashe kansa, ni kuwa na gaji da wannan ƙaryar.

Adaidaita sahu yake ja tsakanin Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku, ga surutu kamar rediyo. A shekararsa ta ƙarshe surutun ya ɗauke. Ya daina zuwa majalisa, ya rame, barci ya ƙaurace masa. Sau biyu yana ce mini shi dai ya zame wa mutane kaya. Na ce ya yi haƙuri ya yawaita istigfari, kowa ma a gajiye yake a garin nan. Ni fa ma'aikaciyar jinya ce, jama'a, amma iyakar abin da na iya faɗa masa ke nan.

Ana saura mako guda azumi, sai ga shi ya warware. Ya yi aski, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara. Wa zai kawo wani abu a ransa? Ai lokacin yafe-yafe ne, waya ma cike take da saƙon a yafi juna. Ya ba maƙwabcinsa tantabarunsa, waɗanda ko taɓawa ba ya bari a yi. Inna ta ce masha Allah, yaro ya nutsu. Ya same ni a gidana a Daurawa ina shanya, ya durƙusa ya ce, "Yaya Binta, ki yafe ni, ki kuma riƙe mini Ummi." Ummi 'yarsa ce, lokacin tana goye. Na yi dariya na ce sai ka ce mai tafiya Makka. Na yafe masa ko waiwayowa ban yi ba. Bai ga watan azumin ba.

Da yana raye, da ya sha mamakin yadda ake maganar ciwon damuwa a rediyo yanzu, da kuma ya yi tsaki, don a tsakar gidajenmu har yau "a yi haƙuri" ne maganin komai. Ban raina addu'a ba, wallahi. Amma mai hawan jini muna yi masa addu'a, mu kuma kai shi asibiti.

Watan jiya wata abokiyar aikina, wadda ta daɗe da yin shiru, ta ce mini gara ma a ce babu ita. Na ce, "Kina tunanin kashe kanki ne?" Ta ce eh. Ban bar ta ita kaɗai ba. Na kira yayarta, muka raka ta wajen likita a ranar, kuma tana nan tana zuwa aiki.

Abin da Sani ya bar mini ke nan, tambayar da ban yi masa ba. Allah ya ji ƙansa. Na auna tambayar ranar da na yi wa abokiyar aikina ita, ko minti ɗaya ba ta ci ba.