Sarewar Baba Jaɓɓi da shanyar Inna

Jiya a Bunguɗu na haɗa abokina Emeka, mai kaɗa jita a Gusau, da Baba Jaɓɓi, makiyayi mai sarewa. Kiɗan ya ƙi haɗuwa.

Emeka ya ce, "Baba, busa wadda ka fi so."

"Ɗana, wagga ba ta wasa ba ce."

Emeka ya nace. Baba ya busa, jita ta bi, abu ya zauna daram. Sai ga shanun Baba a guje ta kan shanyar dawar Innata. Ashe busar kiransu ce!

Daga saman katanga Emeka ya ce, "Tunda nake kiɗa ban taɓa tara jama'a haka ba!"

Ni aka bari da tsintar dawa da faɗan Inna. Jama'a, wa zan kama, mai sarewa ko mai jita?