Juyau da Zanensa Mai Juyawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, ƙaninka ya kira ofis ya ce Allah Ya yi maka rasuwa. Ina rubuta wannan da hawaye, amma Allah Ya sani, har yanzu da sauran haushinka a raina.

A sashenmu na nazarin alƙaluman lafiya, kai ne gwanin zane mai tsawo da faɗi da zurfi, irin wanda ake juya shi a allon kwamfuta kamar mai duba ƙwarya a kasuwa. Daga nan muka laƙaba maka Juyau. Haɗa zanen ba ya ɗaukar ka lokaci. Wajen ajiye shi a matsayin hoto, a sa a rahoto, nan ake yin ta. Ka karkata shi hagu, ka ɗaga, ka kwantar, shayinka ya huce, mu kuma muna tsaye a bayanka ƙafa ta gaji.

"Juyau, don Allah danna kawai."

"A allo yana juyawa, a takarda ba ya juyawa. In na ajiye ta gefen da bai dace ba, na yi ƙarya ke nan da hannuna."

Ka hana kowa sakat da dokokinka. A buɗe zanen ya cika allo kafin a ajiye, in ba haka ba ya fito dishi-dishi. Kada a bari wani shafi ya hau kansa, domin manhajar ɗaukar hoton abin da ta gani take ɗauka. Ranar da hotona ya fito da rabin saƙon da nake rubuta wa ƙanwata a jikinsa, bugawa ka yi ka manna a bangon teburina, ka ƙi cirewa har takardar ta koɗe.

Bara kuwa, da muke rahoton gudawar yara, ka kusa sa mu kuka. An tashi aiki, motar ma'aikata tana ta ƙaho a waje, zanen ya yi kyau ta gaba, kowa ya ce ya isa. Ka ƙi. Ka yi ta juyawa har wani siririn tsini ya leƙo daga bayan wani babban tudu a cikin zanen. Wata 'yar unguwa ce a gefen gari, yaranta suna kwanciya fiye da na ko'ina. Ta wannan gefen ka ajiye hoton, shi aka sa a shafin farko. Aka je aka gwada ruwan rijiyarsu, aka rufe ta. Ni dai ranar a ƙafa na koma gida, ina ƙunƙuni har ƙofa.

To mutumin da ba ya yarda da zane sai ya leƙa bayansa, shi ne ƙafarsa ta kumbura ya ce zaman kujera ne. Numfashi ya fara yi maka wuya a kan matakala, ka ce tsufa ne. Shugabar sashe ta ba ka hutu, ka dawo washegari da ledar magani daga kemis. Mun yi roƙo, mun yi faɗa, kullum amsarka sai an gama wannan aikin. Wannan taurin kan nake ta ƙoƙarin yafe maka, ko da yake na san kwana in ya ƙare babu makawa.

Da muka je gaisuwa, maiɗakinka ta ce a gida ma haka kake. Ranar da 'yarku ta gama makaranta, sai da ka zagaya ta har murmushinta ya ƙare kafin ka ɗauki hoto ɗaya. Muka yi dariya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa yaran unguwar nan su zame maka hujja ranar gobe. Maiɗakinka da 'yarka da ƙaninka, Allah Ya ba su juriyar wannan rashi. Mu da muka yi ta ƙorafi a bayan kujerarka, ka yafe mana. Amin.