Kanola a Bokitin Fenti

A shekarata ta biyu a Alƙahira, mu biyu muke zaune a wani ɗan gida a unguwar Hay el-Sabi', ni da wani ɗalibi mutumin Maraɗi da ya girme ni da kusan shekara goma. Malam nake ce masa. Fiƙihu yake karantawa, amma ransa yana gona. Ko tumatir ya saya, sai ya matse 'ya'yan ya shanya a bakin taga.

Wata rana bayan la'asar ya shigo da takarda da ya bugo a shagon intanet, da Faransanci. Ya ce gwamnatin wata ƙasar Turawa ta ware kuɗi don bincike kan faɗaɗa noman kanola da wata irin rama da ake kai wa masana'anta.

Na ce, "Malam, mece ce kanola?"

"Mai ake tatsa a jikinta."

"Ka taɓa ganinta?"

"Ƙanena, da an san ta, ai ba za a nemi masu bincike ba."

Ramar ce ta fara ba mu wahala. Da muka duba ƙamus, ashe 'yar'uwar wiwi ce, sai dai ba ta bugarwa. Igiya da tufa ake yi da ita. Malam ya kwana uku yana buɗe littattafan mazhabobi. Daga ƙarshe ya yanke cewa igiyar halal ce, amma shuka ta a Masar kurkuku ne, don haka wannan ɓangaren a kan takarda kawai za mu bincike shi.

Muka nemi irin kanola wajen wani tsoho mai kayan ƙamshi. Malam ya yi masa bayani da Larabcin littafi. Tsohon yana ta gyaɗa kai yana cewa "tamam, tamam", ya ƙulle mana wasu ƙananan 'ya'ya a takardar jarida.

Bokitan fenti shida muka cika da ƙasa, muka shuka 'ya'yan, muka hau da su saman bene, muka jera tsakanin tasoshin tauraron ɗan'adam da kejin agwagin matar mai gida. Kullum da safe Malam na auna tsayin shukar da rula, ni ina rubutawa. Har lamba ya ba kowane bokiti. Na huɗu ya fi kyau, ban san dalili ba, amma Malam ya cika shafi biyu da dalilai.

Bayan wata guda ganye ya yi kore shar. Malam ya sa babbar riga, ya rungumi bokiti na huɗu, ya ce, "Yalla, mu tafi Zamalek," unguwar da ofishin jakadancin ƙasar yake. A motar haya wata mata ta matsa ta ba bokitin wuri, direba kuma ya karɓi kuɗin kujerarsa.

A ƙofar ofishin jakadancin, mai gadi Bamasare ya bi da bokitin ta cikin na'urar bincike, ya fito lafiya. Baturiyar da ke bayan gilashi ta karanta takardarmu har ƙarshe, sannan ta ce cikin ladabi, kuɗin na jami'o'in ƙasarsu ne kaɗai, kuma an rufe karɓar takardu tun bara.

Malam bai karaya ba. Ya ɗaga bokitin saitin gilashin don ta ga aikin da idonta. Mai gadin ya matso, ya tsinki ganye ɗaya, ya tauna.

Ya ce, "Ma'alish ya shehi, yi haƙuri, wannan ai ganyen jarjir ne. Shi ake sawa a gefen wake da safe. Amma wallahi ya yi kyau."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam ya kalli ganyen, sannan ya juya ga Baturiyar ya tambaye ta da Faransanci ko gwamnatinsu tana da wani shiri kan jarjir. Ta ce ba ta da masaniya, amma ta rubuta kalmar a ɗan kati.

Mai gadin ya roƙi bokitin, Malam ya ba shi, tare da umarnin ban ruwa sau biyu a rana.

Sai da muka hau gadar Nilu dariya ta ƙwace mini, har da hawaye. Muka sauka a unguwa. A bakin matakala Malam ya tsaya yana kakkaɓe ƙasa daga rigarsa, ya ce, "Saura biyar. Gobe kai za ka auna, ni in rubuta."