Hodar Yaya Ta Kashe Ɓerayen Mutane

Yayata Dakta ce, amma kada ka kuskura ka kai mata ciwon kai. Za ta dube ka ta saman tabarau ta ce, "Je ka asibiti." To ke Daktar mece ce? Wai ta ƙirƙiro magunguna. Ni da nake gyaran firji na fi ta amfani a dangi, wallahi, don ni in na taɓa abu yana tashi.

Tun tana yarinya kanta ke da zafi. Ita ce ta tsiyaya ruwan batir a bokitin wanki don ta ga abin da zai faru. Zannuwan Inna suka zama raga, ita kuma ta sha bulala. Da wani zazzaɓi mai kumbura saifa ya ɗauke Baba, mu kuka muka yi muka share hawaye, ita kuwa gaba ta ƙulla. Ta ce sai ta ga bayan ƙwayar cutar nan. Ta shige ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, a can furfura ta same ta.

Na san ɗakin sarai, don firjinsu kullum a lalace yake. Kwalabe jere kan kanta, kowacce da 'yar farar hoda a gindi, ga wari kamar an ƙona silifa. Hodar nan ita ce aikin nata. Ba ita ke gwadawa ba, naɗewa take ta aika wa abokan aikinta a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba. Babbansu wani tsoho ne mai sanƙo, muna ce masa Mai Ɓeraye, shi ke ɗura wa ɓerayensa marasa lafiya duk abin da ta aika. A fuskar kwamfuta kaɗai suka san juna. Inna har ta rasu tana kiransu mazan cikin akwati.

Ana nan wata hodar ta yi abin kirki: a cikin farantin gwaji ta kashe ƙwayar cutar murus. Shugaban sashe har sabuwar riga ya ɗinka saboda 'yan jarida. Ina tsugune bayan firji Mai Ɓeraye ya kira. Ya ce ƙwayar cutar ta mutu. Ya sosa sanƙo, ya ce ɓerayen ma sun mutu, hantarsu ta lalace.

Na leƙo na ce, "Ai an ci nasara, Yaya, tunda ba sauran mara lafiya." Ta jefe ni da takalmi.

Shugaban sashe ya lallaɓo ya ce, "Dakta, ki buga labarin farantin kawai. Ɓera ai dama mutuwa yake yi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in wani ya karanta ya ɗura wa ɗan mutum fa?"

Ta buga komai, har da ɓangaren maganin da take zargi da dafin. Aka karɓe babban ɗakin, aka mayar da ita wani lungu kusa da banɗaki. Abin haushi, wannan rubutun ne ya fitar da sunanta. Duk mai bincike a fannin sai ya ambace ta, amma don ya ce kada a bi inda ta bi. Ta zama allon da ake kafawa a bakin rami. Tana dariya in na faɗa, amma na san abin yana cin ta, ni ma kuma yana ci na.

Tana dab da ritaya wasu matasa a wata ƙasa suka karanta, suka cire ɓangaren da ta nuna, suka gyara, magani ya fito. Sunanta yana can ƙasan shafin rubutunsu, sai ka runtse ido kafin ka gani.

Bara autata ta kwanta da zazzaɓin nan. Da na ga cikinta ya kumbura, na sungume ta sai asibiti. Likita ya rubuta sabon maganin, Yaya ta ja ni kantin magani. Ta warware takardar cikin kwalin, ta ƙura wa ɗan zanen da ke jiki ido.

Mai kantin ya ce, "Hajiya, kada ki wahalar da idonki, wannan na masana ne. Safe da yamma, bayan abinci."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, ta taka mini ƙafa. Ta ce, "To, ɗana. Bayan abinci."

Ba ta bar kowa ya ba yarinyar ba, ita ta zauna bakin gado da cokali. Kwanakin farko yarinya ko ido ba ta buɗewa sosai, haɗiya kawai take. Wata safiya ta ture cokalin, ta yamutsa fuska, ta ce, "Gwaggo, wai waɗanne mugaye ne suka haɗa wannan abu mai ɗaci?"

Yaya ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "Mu ne. Buɗe baki."